Raini

Kowace shekara, wata Alhamis cikin Nuwamba, ranar da kasuwar Maigatari ke ci, ɗalibai wajen rabin miliyan ke zana jarrabawar shiga jami'a a Koriya ta Kudu, wadda suke kira Suneung. Ba a wasa da ita. Har jiragen sama ake hana sauka da tashi na kimanin rabin sa'a, don kada ƙararsu ta dami masu jarrabawar sauraron Turanci. Amma a wannan ƙasa ta Samsung da Hyundai, dangi kan kai wa ɗalibi alewar yeot mai danƙo, wai don ya manne wa jami'ar da yake so. Uwa kuwa ba za ta ba shi miyar ciyawar teku ranar ba, tana da santsi, kada ya zame.

Namu da karatu ko neman halak ya kai can, da ya ji haka sai dariya. Ya shiga wani bene ya ga an rubuta F a madadin hawa na 4, ya ji an hana shi rubuta sunan mai rai da jan biro, sai ya ɗauki waya yana ba 'yan gida labarin wautar mutane.

Wannan raini ne, kuma mai raini mantuwa gare shi. Ya manta mai shagon unguwarsu a Gumel da ba ya ba da bashi kafin cinikin farko. Ya manta daren cika-ciki, da yadda aka riƙa tura masa tuwo har ya kasa miƙewa, wai don kada ya shekara da yunwa. Ya manta kakarsa da ke ƙwace tsintsiya in an taɓa ta da dare. Laifi tudu ne. Uwar da ta wanke allo ta ba ɗanta rubutu ya sha da asubar jarrabawa, da wadda ta sayo alewa a Seoul, fargaba ɗaya ce ta hana su barci.

Ɗan ƙasar Gumel ma ba shi da uzuri. A karar Maigatari Buzu kan zo da raƙumi, fuska naɗe da rawani, Bafulatani da sandarsa, ga fatake daga kudu. Dillali ya san in ya yi wa ɗayansu dariya, la'adarsa ta tafi.

Ba wanda ya ce a gaskata camfi. Addini ya hana. Addinin nan dai shi ne ya hana wasu mutane yi wa wasu izgili, a Suratul Hujurati, aya ta 11.

Saboda haka in ka tare a sabon gida a Koriya, maƙwabci ya shigo da omo da takardar bayan gida, fatan arziki yake yi maka, ya yi ta bunƙasa kamar kumfa. Karɓi da hannu biyu, haka suke karɓar kyauta, ka yi godiya.