Amincin Sabon Inji a Ma'aunin Hukuncin Al'ada

Tambayar ko sabon injin da ake ratayawa a bayan kwale-kwale ya fi sauran injinan jirgin ruwa aminci, a zahiri tambaya ce ta kanikawa da dillalan kayan inji, amma idan aka bi diddiginta sai a tarar ta koma ga wata mas'ala da malaman tauhidi suka daɗe suna tattaunawa, wato ta wace hanya mutum yake sanin cewa abin da ya yi aiki jiya zai yi aiki gobe. Abin da ake nufi da aminci a nan shi ne inji ya tashi a lokacin da aka buƙace shi, kuma kada ya mutu a tsakiyar ruwa. Duk wanda ya ce inji kaza amintacce ne, to magana yake yi a kan tafiyar da ba a riga an yi ba, alhali hujjar da ke hannunsa duka ta tafiye-tafiyen da suka wuce ce.

Littattafan aƙida na Shehu Sanusi, malamin Tilimsana da ya rasu a 1490, waɗanda har yau ake karanta su a zaurukan ƙasar Hausa, sun raba hukunci gida uku: na shari'a, da na hankali, da na al'ada. Hukuncin hankali shi ne wanda ba ya jiran gwaji, kamar sanin cewa ɗaya rabin biyu ne. Hukuncin al'ada kuwa shi ne tabbatar da alaƙa tsakanin abubuwa biyu saboda an ga suna zuwa tare sau da yawa, tare da yarda cewa alaƙar tana iya saɓawa wata rana. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kafa misali da wuta da auduga, inda ya nuna cewa ido yana ganin ƙonewa a lokacin haɗuwar su biyun, amma ba ya ganin wata tilas da ta ɗaure ɗaya da ɗaya. Ibnu Rushdi ya mayar masa da martani cewa wanda ya kore sababi ya kore ilimi gaba ɗaya, kuma bayan ƙarnoni David Hume na Sikotilan ya sake tayar da matsalar ta wata fuska. Ba sai an raba gardamar waɗannan malamai ba kafin a amfana da ma'anar da Sanusi ya bayar, domin tana da ginshiƙai biyu da suka dace da batun inji sarai, wato maimaituwa da kuma yiwuwar saɓawa. Amincin inji hukuncin al'ada ne, ƙarfinsa gwargwadon yawan maimaituwar da aka gina shi a kanta, kuma komai yawanta ba ya zama yaƙini irin na lissafi.

Injinan da ake kwatantawa iri uku ne. Na farko shi ne injin rataye mai bugu biyu, wanda ake gauraya masa baƙin mai a cikin fetur, kuma yana kammala aikin ƙona mai a hawa ɗaya da sauka ɗaya na fistin. Sassansa kaɗan ne, ba shi da nauyi, ana tayar da shi da igiya, kuma irinsa ne, musamman Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40 da ƙannensa, ya cika mashigan kogin Kwara da tafkin Kainji da tafkin Chadi. Na biyu shi ne sabon injin rataye mai bugu huɗu, wanda baƙin mansa yake a ma'ajiyarsa daban kamar na mota, kuma a manyansa wata ƙaramar kwamfuta ce take auna fetur ɗin da za a fesa a maimakon kafireta. Na uku shi ne injin dizal da ake girkewa a cikin jirgi, wanda sandar farfelarsa take ratsa jikin jirgin ta fita ta baya.

Wahalar da sabon inji yake jefa mai tunani a ciki ita ce, a ranar da aka fito da shi daga kwali ba shi da maimaituwa ko ɗaya tasa ta kansa. Hankalin mai saye yakan ɗauka cewa sabunta ita kanta hujja ce, tunda ba abin da ya cinye ko ya yi tsatsa, kuma wannan rabin gaskiya ne. Masana ilimin ɗorewar na'urori sun lura cewa lalacewa takan yi yawa a farkon rayuwar na'ura, lokacin da kuskuren haɗi da aibin masana'anta suke bayyana, sannan ta ragu ta daidaita na tsawon lokaci, sannan ta sake hawa idan tsufa ya kama. Shi ya sa kamfanonin da kansu suke umartar a lallaɓa sabon inji a sa'o'insa na farko, a kuma canza masa baƙin mai bayan kamar awa 20. Ke nan injin da ya yi awa ɗari biyu cikin lafiya ya fi wanda bai taɓa shiga ruwa ba hujja, ko da kuwa fentinsa ya fara dusashewa.

Sabunta kuma iri biyu ce, kuma ta biyun ta fi haɗari ga hukunci: akwai sabon inji na tsohuwar ƙira, akwai kuma sabuwar ƙira ɗungurungum. Tarihin Amurka ya ba da misali bayyananne. Tun daga 1909, lokacin da Ole Evinrude ya fara ƙera injinansa a Milwaukee, ƙirar bugu biyu ce ta mamaye wannan fage, duk da cewa Honda ta fito da nata mai bugu huɗu tun 1964. Aibin tsohuwar ƙirar shi ne wani kaso mai yawa na fetur yana ficewa cikin ruwa ba tare da ya ƙone ba, don haka hukumar kare muhalli ta Amurka ta kafa ƙa'idojin rage hayaƙi da aka fara aiki da su daga 1998 aka ci gaba da tsaurarawa har 2006. Kamfanin OMC, mai sunayen Evinrude da Johnson, ya amsa da fasahar fesa mai da ake kira Ficht, amma injinan farko suka yi ta lalacewa a hannun masu saye, kuma wannan yana cikin dalilan da suka kai kamfanin ga durƙushewa a Disambar 2000. Masu sayen sun dogara ne da sunan da ya shekara casa'in yana cika alkawari, ba su lura ba cewa maimaituwar da ta gina wannan suna ta tsohuwar ƙira ce, ba ta sabuwar ba. Sun ɗauki hukuncin wani abu sun ɗora wa wani don kawai tambarin ɗaya ne. An ci gaba da ƙera Evinrude a hannun wani kamfanin Kanada har 2020, lokacin da aka daina.

Adalci ne a faɗi cewa injinan bugu huɗu na yanzu sun wuce wannan mataki, domin an yi shekaru sama da ashirin ana gwada su a hannun jama'a masu ɗimbin yawa, kuma inda ake kula da su yadda aka tsara suna tashi da sauƙi, ba sa yawan toshe fulogi, suna kuma shan fetur ƙasa da na da, abin da ba ƙaramin al'amari ba ne ga mai fito a Nijeriya tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023. Sai dai wannan shaida aro ce. An tattara ta ne a wuraren da fetur yake da tsabta, da bakanike mai na'urar karanta kwamfutar injin, da shagon da ake samun matatar mai ta ainihi a rana ɗaya. Hukuncin al'ada kuwa ba ya tafiya ba tare da sharuɗɗansa ba, kamar yadda ƙonewar auduga take da sharaɗin bushewa. Fetur ɗin da ake saya a jarka a bakin gulbi yana iya ɗauke da ruwa ko datti, kuma ko a manyan birane an ga yadda gurɓataccen man da aka shigo da shi ƙasar a Fabrairun 2022 ya lalata motoci. Ruwan damina mai yashi yana cinye robar famfon da ke tura ruwan sanyaya inji, ciyawa da leda suna toshe mashigar ruwan. Bututun fesa mai, wanda ramukansa ƙanana ne ƙwarai, ba ya yafe dattin da kafireta take haƙuri da shi.

Daga nan ne ake gane cewa kalmar aminci tana ɗauke da ma'anoni biyu da masu gardama suke cakuɗawa. Akwai ƙarancin lalacewa, akwai kuma saurin farfaɗowa bayan an lalace. Tsohon mai bugu biyu yana yawan tsayawa, amma tsayawarsa sananniya ce, kuma matuƙin da ya iya aikinsa zai kwance fulogi ya goge, ya hura kafireta, ya ja igiya ya ci gaba da tafiya, duka a kan ruwa. Sabon yana daɗewa bai tsaya ba, amma ranar da na'urar da ke cikinsa ta ƙi, ko batir ya sauka a babban injin da ba ya tashi sai da shi, ilimin matuƙi ya ƙare, kuma gyaran yana iya jiran tafiya birni. Wanne ya fi aminci ya danganta da nisan gaɓa da kuma abin da jirgi ya ɗauko. Ba a kuma ce tsohon ya tsira daga zargi ba, domin sabo yana rufe ido: mutumin da injinsa ya mutu masa sau da yawa ya kuma tashi yakan ƙidaya tashin ya manta da mutuwar, kuma tsofaffin injinan da ake yabo a bakin kogi su ne waɗanda suka rage, ba wanda yake lissafa 'yan'uwansu da aka kwance aka sayar da sassansu.

Injin dizal na cikin jirgi shi ne ya fi su tsawon rai idan an auna da sa'o'in aiki, saboda matsin iska ne yake kunna man ba tartsatsin fulogi ba, jikinsa mai kauri ne, kuma juyinsa bai kai na injin rataye ba, wanda yakan kai dubu biyar zuwa shida a minti idan an buɗe masa wuta. Amma ba a ɗaga farfelarsa idan an shiga ruwa marar zurfi, ba a kuma cire shi a kai wa bakanike a bayan babur, don haka fifikonsa na manyan jiragen kaya ne.

Idan aka koma ga fuskar addini, kuskure biyu ne suke fuskantar juna, kuma tushensu ɗaya. Wanda ya ɗauka cewa sabon inji ba zai mutu ba ya mayar da hukuncin al'ada hukuncin hankali, ya manta da ginshiƙin yiwuwar saɓawa, shi ya sa yake barin filafili da rigar ruwa a gida. Wanda kuma ya ce kowane inji ɗaya ne tunda kwana ba ya ƙarewa sai da izini, ya jefar da ginshiƙin maimaituwa, alhali malaman da suka kore tasirin sababi ba su taɓa halatta watsi da shi ba. Sun ce ne Allah ya gudanar da al'adarsa a kan haka, kuma bin wannan al'ada yana cikin ladabi ga wanda ya gudanar da ita. Tawakkali aikin zuciya ne, ba ya ɗauke wa hannu nauyin tace fetur. Lamarin ya fi tsanani ga mai fito, domin rayukan da ke cikin jirginsa ba nasa ba ne, kuma fasinja ba shi da hanyar sanin komai game da injin sai abin da ya gani a fuskar matuƙi. Gaskiya ne cewa manyan haɗurran da aka sani, irin na yankin Wara a jihar Kebbi a Mayun 2021 da na Patigi a jihar Kwara a Yunin 2023, an fi danganta su da lodi fiye da ƙima da tsufan katako da kututturan da ke ƙarƙashin ruwa da tafiyar dare, amma jirgi mai lodi da injinsa ya mutu cikin igiyar ruwa ba ya iya fuskantar ta da goshi, sai ta juya shi ta buge shi ta gefe.

A fuskar fiƙihu kuwa, Risalar Ibnu Abi Zaid ta bayyana cewa mai jirgi ba ya lamunin abin da ya nutse, kuma ba shi da kuɗin haya sai ya kai kaya inda aka yi alkawari, masu sharhi kuma sun ƙayyade ɗauke lamunin da rashin sakaci da rashin ƙetare iyaka. Sakaci kuwa da al'adar masu sana'a ake auna shi, wato abin da matuƙi mai hankali ya saba yi. A kan tsohon inji wannan al'ada ta zauna, kuma sarkin jirgi na kowace mashiga zai iya faɗin ko wane ya yi abin da ya kamata. A kan sabon inji ba ta riga ta zauna ba a yawancin mashigai, saboda haka littafin umarnin da kamfani ya haɗo da shi ne yake tsayawa a matsayinta, kuma wanda ya tsallake canjin baƙin mai na kowace awa 100, ko ya cire matatar da ke raba ruwa da fetur don ta yi tsada, da wuya ya kare kansa da cewa haka kowa yake yi. Haka kuma mai rataya inji biyu don ɗaya ya ceci ɗaya bai fita daga zargi ba idan duka biyun daga tanki ɗaya suke sha, domin ruwan da ya shiga man zai kashe su a lokaci guda.