Alhaki Kuikuyo Ne? Tsokaci a Kan Ƙarshen Wasan The Americans

Hausawa na cewa alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi. Karin magana ce da muka tashi muna ji, kuma mukan jefa ta duk sa'ad da muka ga wani azzalumi ya gamu da gamonsa, domin tana kwantar mana da hankali cewa duniya na tafiya bisa ma'auni. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna wannan magana da wani wasan kwaikwayo na talabijin da aka shirya a Amurka, mai suna The Americans, da kuma taƙaddamar da ta ɓarke tsakanin masu kallonsa bayan an nuna kashinsa na ƙarshe a ranar 30 ga Mayu, 2018. Mun zaɓi wannan wasa ne saboda tambayar da masu kallon suka yi ta ja-in-ja a kanta tsohuwar tambaya ce: idan mutum ya ci amana, wane ne yake biyan bashin?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu ɗan gutsura wa mai karatu labarin. Joe Weisberg, wanda ya taɓa yin aiki da hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA, shi ne ya ƙago wasan, tashar FX kuma ta nuna shi daga 2013 zuwa 2018, a zango shida mai kashi 75. Labarin ya faro ne daga 1981, lokacin Yaƙin Cacar Baki. Philip da Elizabeth Jennings mata da miji ne masu kamfanin shirya tafiye-tafiye, suna zaune a wata unguwa kusa da birnin Washinton tare da 'ya'yansu biyu, Paige da Henry. A zahiri ke nan. A baɗini kuwa 'yan Tarayyar Sobiyet ne, jami'an hukumar KGB, waɗanda aka horar har suka iya Ingilishi kamar a nan aka haife su, aka haɗa su aure, aka dasa su cikin abokan gaba. Maƙwabcinsu na tsallaken titi, Stan Beeman, jami'in FBI ne a sashen farautar 'yan leƙen asiri, kuma shi ne ya zama babban aminin Philip.

Da zango na shida ya doshi ƙarshe, sai masu kallo suka duƙufa ga hasashe, kuma kusan duk hasashen ya ta'allaƙa ne ga mutuwa. Wasu suka ce Elizabeth za ta haɗiye ƙwayar gubar da aka ba ta a farkon zangon, wadda take rataye da ita a wuya. Wasu suka ce Stan zai harbe Philip, wasu suka ce Philip zai miƙa wuya ga Amurka domin ya ceci 'ya'yansa. Ba abin mamaki ba ne. Tun daga tatsuniya aka saba mana da cewa mugu ba ya kai ƙarshen labari lafiya, ga kuma mutane biyu da hannuwansu suka jiƙe da jini.

Sai dai kuma babu wanda ya mutu a kashin na ƙarshe. Abin ya faru ne a Disambar 1987, daidai lokacin da Reagan da Gorbachev suke taron rage makaman nukiliya a Washinton. Asirin ma'auratan ya tonu, suka ɗauko Paige za su gudu, Stan ya tare su da bindiga a wurin ajiye motoci. Aka shafe fiye da minti goma ana magana, daga bisani ya kauce ya ba su hanya. Henry, wanda bai san komai ba, suka bar shi a makarantarsa ta kwana, suka yi masa sallama ta wayar tarho ba tare da ya gane sallama ce ba. A tashar jirgin ƙasa da ke kan iyakar Kanada, Paige ta sulale ta sauka, iyayen suka hango ta ta taga tana tsaye a bakin tasha jirgi yana tafiya da su. Wasan ya rufe da su biyu suna kallon fitilun birnin Masko da dare.

Nan fa masu kallo suka rabu. Wani ɓangare ya ce an yi wa adalci ƙwange, domin masu kisa sun tsira da ransu, ko ɗaurin kwana ɗaya ba su yi ba. Ɗaya ɓangaren, wanda manazarta da dama suka mara wa baya, ya ce ai hukuncin da ya same su ya fi mutuwa zafi, tun da sun rabu da 'ya'yansu rabuwar da babu ranar saduwa. Wannan ra'ayi na biyu shi ne ya fi karɓuwa, kuma a shekarar ce Weisberg da abokin aikinsa Joel Fields suka sami lambar yabo ta Emmy saboda rubuta wannan kashi, Matthew Rhys wanda ya fito a matsayin Philip shi ma ya sami tasa.

A ganinmu ɓangarorin biyu sun yi tarayya a abu guda: dukansu sun aza ma'aunin ne a kan Philip da Elizabeth, suna tambayar ko sun sha wuya iya yadda ya kamata. Ba laifinsu ba ne ƙwarai, domin haka wasan kwaikwayo yake aiki. Wanda na'urar ɗaukar hoto ta bi har cikin ɗakin kwanansa tsawon shekara shida, shi ne mai kallo zai san ciwonsa, ko da kuwa shi ne mai riƙe da wuƙar. Amma idan muka juya ma'aunin, muka tambayi abin da ya sami waɗanda suka amince da su, lissafin sai ya canza kama.

Mu ɗauki Martha, sakatariya a ofishin FBI, mace mai zaman kaɗaici wadda Philip ya yaudara da sunan ƙarya har ya aure ta, ya sa ta dasa na'urar sauraro a ofishin maigidanta. Da abin ya ɓaci aka kwashe ta zuwa Masko, inda ba ta san kowa ba, ba ta jin harshen, ba kuma za ta sake ganin iyayenta ba. Ga Betty, tsohuwar da Elizabeth ta tarar cikin dare a wani wurin gyaran injuna, ta zauna suka yi hira kamar uwa da 'ya, sannan ta tilasta mata shan ƙwayoyin ciwon zuciyarta har ta cika. Ga ɗan ƙaramin yaron nan, ɗan Sofia matar Gennadi, wanda yake kallon talabijin a wani ɗaki lokacin da ake kashe iyayensa a gidan. Hatta Oleg Burov, wanda ya baro matarsa da jaririnsa ya dawo Amurka ba tare da kariyar diflomasiyya ba domin ya hana a kifar da Gorbachev, shi ne wasan ya bari a kurkuku. Mutumin da ya fi kowa tsabtar niyya a zangon ƙarshe shi ne kaɗai aka rufe wa ƙofa.

To, 'ya'yan fa? Wannan shi ne wurin da muke da ja da masu cewa rabuwa da 'ya'ya hukunci ne da ya dace. Duk wanda ya faɗi haka ya mayar da Paige da Henry bulalar da aka tsula wa iyayensu, ya manta cewa su ma mutane ne masu nasu ciwon. Philip da Elizabeth sun san su wane ne su, sun san dalilin da ya sa suka aikata abin da suka aikata, sun koma ƙasarsu tare, kowane yana da ɗan'uwansa. Henry kuwa, yaron da bai gama sakandare ba, an zo har makaranta an gaya masa cewa sunan da yake amsawa na aro ne, iyayensa ba su ne waɗanda ya sani ba, kuma sun tafi. Duk abin da ya tuna na ƙuruciyarsa daga ranar sai ya sake tambayar kansa ko gaskiya ne. Idan wannan hukunci ne, ai kaso mafi tsoka ya faɗa ne a kan wanda bai ci nanin ba.

Amma babu wanda al'amarinsa ya fi ɗaure kai kamar Stan, kuma a kansa ne ya kamata mu daɗe. Masu kallo sun yi ta muhawara a kan dalilin da ya sa ya bar su suka wuce. Wasu suka ce ya ci amanar ƙasarsa da ta abokan aikinsa da aka kashe, wasu suka ce abota ce ta rinjayi rantsuwar aiki, wasu kuma suka ce Philip ne ya yi masa aikin da ya ƙware a kai, wato ya juya shi da daɗin baki. Abin lura shi ne duk ukun za su iya zama gaskiya a lokaci guda. Philip ya shaida masa cewa shi kaɗai ne abokinsa a duk rayuwarsa, kuma babu alamar ƙarya a wannan. Amma a cikin wannan zance ɗin ne suka musanta cewa suna kisa, alhali mai kallo ya gani da idonsa. Gaskiya da ƙarya sun cakuɗe a bakin mutum ɗaya har shi kansa da wuya ya iya tsince su. Da wane ma'auni Stan zai tsince su, yana tsaye da bindiga a hannu?

Sannan, ana dab da rabuwa, Philip ya juyo ya ce masa mai yiwuwa matarsa Renee ita ma tasu ce, amma ba shi da tabbas. Wannan 'yar magana ita ce ta fi kowace jawo hasashe bayan wasan ya ƙare. Masu kallo suka koma suna bin duk fitowar Renee ɗaya bayan ɗaya: yadda ta haɗu da Stan a wurin motsa jiki, yadda ta nemi aiki a FBI, irin kallon da ta yi wa gidan Jennings ranar da ake bincikensa. Marubutan wasan kuwa suka ƙi ba da amsa. Mu dai muna ganin sun yi daidai, domin da sun amsa da sun sauke wa mai kallo nauyin da ba za a taɓa sauke wa Stan ba. Mai kallon da ya kwana yana juya fuskar Renee a zuci ya ɗanɗani kaɗan daga abin da Stan zai yi ta sha a kan shimfiɗarsa.

Shin gargaɗin aboki ne Philip ya yi, ko guba ce ya zuba? Idan Renee 'yar leƙen asiri ce, ya ceci amininsa. Idan ba ita ba ce, ya rushe aure mai lafiya da zato, kuma an ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Abin takaicin shi ne, ko da kyakkyawar niyya ya yi maganar, sakamakon ɗaya ne, domin mutumin da ya shekara shida yana cin abinci da maƙaryaci bai gane ba, ba zai ƙara yarda da idonsa ba. Stan ba zai iya tambayar matarsa ba, ba zai iya kai zancen ofis ba tare da ya tona cewa ya tare su ya sake su ba. Ga shi kuma an bar masa riƙon Henry. Sun tafi da 'yancinsu, sun bar masa ɗansu, da laifin da zai ɓoye har kabari, da matar da zai riƙa kallo tana barci yana wasiwasi.

Akwai hujja guda mai ƙarfi da za a iya kawo mana, ba kuma za mu yi watsi da ita ba. Mai kallo na 2018 ya san abin da ma'auratan ba su sani ba a 1987, wato ƙasar da suka sadaukar da komai dominta saura mata shekara huɗu kacal, domin a Disambar 1991 Tarayyar Sobiyet ta wargaje. Za su rayu su ga cewa abin da suka kashe mutane a kansa ya zama tarihi. Babu shakka wannan azaba ce. Sai dai azabar da mai laifi ya sha ba ta mayar wa wanda aka zalunta komai. Baƙin cikin Elizabeth a Masko bai rage wa maraya ɗan Sofia daren tsoro ko ɗaya ba. Mukan haɗa shan wuyar mai laifi da biyan hakki kamar abu ɗaya ne, alhali na farkon mu 'yan kallo yake gamsarwa, na biyun kuwa sai an je wurin mai hakkin. Kuikuyon ya bi mai shi, gaskiya ne, amma sai da ya ciji duk mutanen unguwa kafin ya isa gare shi.

Kada mai karatu ya ɗauka duk wannan ƙagen marubuta ne. Abin da ya zaburar da Weisberg shi ne kamen da FBI ta yi a watan Yunin 2010, lokacin da ta damƙe 'yan leƙen asirin Rasha guda goma da suka daɗe suna zaune a Amurka, akasarinsu da sunayen aro. Cikinsu akwai Andrey Bezrukov da matarsa Elena Vavilova, waɗanda suka shekara da shekaru ana ɗaukarsu 'yan Kanada ne, mijin ma yana amfani da sunan wani jariri ɗan Kanada da ya rasu tun da daɗewa. Cikin makonni biyu aka yi musayarsu da wasu fursunoni huɗu da ke hannun Rasha, suka koma gida, gwamnati ta karrama su. 'Ya'yansu maza biyu, masu shekara 20 da 16 a lokacin, waɗanda aka haifa a Kanada, sun ce ba su taɓa sanin iyayensu Rashawa ba ne. Suka tsinci kansu a ƙasar da ba su jin harshenta, Kanada kuma ta ce su ba 'yan ƙasarta ba ne. Sai a Disambar 2019, bayan shekara tara da kamen, Kotun Ƙolin Kanada ta yanke hukunci cewa ƙaramin ɗan ƙasa ne.