A Wuyan Wa Alhakin Damuwar Mai Juna Biyu Yake?

'Yan'uwa, mun saba lura da abin da mace mai juna biyu take ci da nauyin da take ɗauka, domin kada wani abu ya sami ɗan da ke cikinta. Abin da ke zuciyarta ne ba mu cika tambaya ba. Idan ta daina barci, ta ƙi abinci, ta riƙa kuka a ɓoye har makonni, sai mu ce laulayi ne, ko mu ce shagwaɓa ce. Sau da yawa kuwa ciwon damuwa ne ko fargaba mai tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen kashi 10 cikin 100 na mata masu ciki suna fama da irin wannan, a ƙasashe masu tasowa kuma ya kusa kashi 16.

Ciwon bai tsaya a kan uwa kaɗai ba. Sa'ad da mutum ke cikin tashin hankali, jikinsa yakan fitar da wani sinadari mai suna kotisol. Mabiyiya tana da hanyar kashe ƙarfin mafi yawansa kafin ya kai ga ɗan tayi, amma an ga wannan katanga takan yi rauni a jikin matan da fargaba ta yi wa yawa. Ƙwaƙwalwar jariri kuwa tun watan farko na ciki take fara ginuwa. A ƙasar Singafo, a 2013, an ba da rahoton hoton ƙwaƙwalwar jarirai sababbin haihuwa, aka sami bambanci a sashen da ke kula da tsoro a cikin waɗanda uwayensu suka yi ciwon damuwa. A yankin Biristol na Ingila an bi mata masu ciki wajen 14,000 tun daga 1991, aka tarar 'ya'yan waɗanda fargaba ta fi dama a ƙarshen ciki sun fi sauran samun matsalar hali da rashin natsuwa, kusan ninki biyu, sa'ad da suka kai shekara 4.

A nan ne tambayar take. Mai jin wannan labari yana iya juyawa ga matar ya ce, “To, kin ji. Ki daina damuwa, kada ki cuci yaron nan.” Muna ganin wannan zalunci ne, gama an ɗora wa mara lafiya laifin ciwonta, an kuma ƙara mata sabon abin tsoro a kan na dā. Ba gaskiya ba ne kuma, domin yawancin 'ya'yan irin waɗannan mata sukan girma lafiya lau, gado da talauci da renon bayan haihuwa kuma duk suna da nasu rabon.

Mu dubi abin da ya faru a lardin Kwebek na Kanada a watan Janairu na 1998. Ruwan ƙanƙara ya karya turakun lantarki, wasu gidaje suka yi makonni cikin duhu da sanyi. Masu bincike suka bi matan da ke da ciki a lokacin, suka ga 'ya'yan waɗanda suka fi shan wuya sun yi baya a magana sa'ad da suka kai shekara 2. Girman wahalar da ta auka wa uwa daga waje shi ne ya fi nuna wannan. Ba wanda zai tuhumi waɗannan mata da laifin ƙanƙara. A gidajenmu kuwa, wahalar da ke auka wa mai ciki galibi daga hannun mutane take fitowa: mijin da ke duka ko ya sha kuɗin cefane a gidan burkutu, uwar mijin da ke gori a kan haihuwar 'ya'ya mata, iyayen da suka kori 'yarsu domin ta yi ciki ba aure, da mu da muka kau da kai daga gare ta a bakin coci. Kowane ɗayanmu ya taɓa ɗan da bai gani ba tukuna. Mu da muke cewa rai na cikin mahaifa abin girmamawa ne, ba mu da bakin cewa wannan ba ruwanmu.

Akwai kuma masu ce mata rashin bangaskiya ne, ta ƙara addu'a. Addu'a tana da wurinta, amma ba ma hana mai zazzaɓin cizon sauro zuwa asibiti domin muna yi masa addu'a.

Taimakon ba lalle sai da babban likita ba. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan an koya wa mata ma'aikatan lafiya na ƙauye su riƙa ziyartar masu ciki, suna sauraronsu, suna taya su warware tunanin da ya ɗaure su, suna jawo iyali cikin zancen. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna cewa wata 6 bayan haihuwa, kashi 23 cikin 100 ne ke da sauran ciwon, alhali a cikin waɗanda ba a yi wa haka ba kashi 53 ne. Kakanninmu sun san wani abu makamancin wannan a al'adar goyon ciki, da ake mai da mace gidan iyayenta ta haihu a hannun nata. Bisharar Luka ma ta nuna mana Maryamu ta zauna wajen wata 3 a gidan Alisabatu, dukansu biyu da ciki. Zumuntar Mata tana iya ɗaukar wannan aiki a kowace unguwa, ta san wadda ke da ciki, ta kuma san wadda ta yi shiru.

Mai gida ya raka matarsa awon ciki, ya bar ta ta gaya wa ungozoma abin da ke damunta. Wadda take shan maganin damuwa kada ta daina da kanta domin ta sami ciki, sai ta shawarci likita. Idan kuwa ta fara zancen mutuwa ko na yi wa kanta lahani, a kai ta asibiti a ranar, kada a jira Lahadi.