Reno a Gadarif: Nauyin Uwa Ne Kaɗai, Ko Baitulmali Na da Nasa Kaso?

Idan kaka ta kama a Gadarif, kowa hannunsa a cike yake. Tun shekarun 1940 ake noma da tarakta a baƙar ƙasar nan ta gabashin Sudan, amma har gobe yawancin riɗi da hannu ake yankansa, kuma ba ya jiran kowa: in aka bar shi ya bushe a tsaye, kwanso ya fashe, ƙwaya ta zube. Maza suna gona, motoci suna jigilar buhunan riɗi da dawa zuwa kasuwa, mata kuma suna bakin hanya da tukunya da gawayi. Cikinsu akwai Hausawa, jikokin mahajjatan da suka taso a ƙafa daga Kano da Katsina da Sakkwato, da na waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903.

A dubi mai sayar da shayi ɗaya. Tana kan 'yar kujera tun asuba, hannu ɗaya na fifita wuta, ɗayan na tare ɗan da ke rarrafe kada ya kai ga butar da ke tafasa. Jaririn kuwa yana bayan yayarsa, yarinyar da ba ta wuce shekara takwas ba, an ɗaure mata majanyi a ƙirji, tana ta jijjiga shi. Ita ce gidan renon da uwar ke iya biya, kuma da karatunta ake biyan.

Wa Allah zai tambaya game da yarinyar nan da ƙannenta?

Amsar farko a fili take. Suratul Baƙara ta sanya shayarwa shekara biyu ga wanda ke son cika ta, ta ɗora ci da tufafin mai shayarwa a kan uba, in babu shi a kan magaji. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano da na Gadarif, irin su Risala, sun jera masu haƙƙin reno: uwa, sannan kaka, sannan 'yar'uwar uwa, har zuwa sauran dangi. A nan masu ƙyamar gidajen reno suke kafa hujja. Suna cewa shari'a ta riga ta raba aikin, gwamnati ba ta da hurumi a tsakanin uwa da ɗanta, kuma ajiye yaro a hannun ma'aikaciya al'adar wasu ce.

Maganarsu na da nauyi, amma ta ginu ne a kan cewa kaka da inna suna nan kusa. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rushe wannan. Da Wad Madani ta faɗi a Disamban shekarar, dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo jihar Gadarif, azuzuwan makarantu suka koma ɗakunan kwana. Kafin su, tun Nuwamban 2020, 'yan gudun hijirar Tigray daga Habasha sun cika sansanin Um Rakuba. Mace ta iso da 'ya'ya, miji ya mutu ko ya ɓace, mahaifiyarta tana wani gari. Dole ta fita nema, kuma duk jerin nan na littafi babu ko mutum ɗaya a gefenta.

Malamai ba su bar wannan giɓi a buɗe ba. Sun ce yaron da aka tsinta, ɗaukarsa farilla ce ta kifaya: in wasu sun yi ta sauka daga kan kowa, in an bari kowa ya yi laifi, kuma ciyar da shi daga baitulmali ne idan ba shi da dukiya. Abin da ya faru a gidan marayu na Maigoma a Khartum ya nuna abin da ke biyo bayan sakaci da ita. A makonnin farko na yaƙi masu reno suka kasa zuwa aiki, yara fiye da 50 suka mutu, galibi jarirai, kafin Red Cross ta kwashe kusan 300 zuwa Wad Madani a watan Yuni.

Akwai ma misalin da ya fi kusa da mai shayin nan, domin a cikinsa uwa tana raye. Ibn Sa'ad ya ruwaito cewa Sayyidina Umar ya kwana yana gadin wani ayarin fatake a Madina, ya yi ta jin kukan jariri. Da ya bincika, sai uwar ta ce yaye shi take yi da wuri, domin Umar ba ya yanka wa yaro kaso sai an yaye shi. Da gari ya waye, bai tsaya ga laifin matar ba. Ya ga dokarsa ce ta sa uwa ta cuci ɗanta, sai ya sanar cewa kowane jariri yana da kaso daga ranar haihuwa. Hukuncin ya tabbatar da cewa tsarin kuɗin hukuma yana shiga har cikin goyo, kuma shugaba abin tambaya ne a kan abin da tsarin ya jawo.

Ƙasashen da suka gwada a zamanin nan sun ga amfanin. Lardin Kebek na Kanada ya fara reno mai rangwame a 1997, dala 5 a rana, kuma yawan iyaye mata masu aiki ya ƙaru sosai. Gadarif ba ta da aljihun Kebek, amma tana da abin da jihohi da yawa ba su da shi. Tun shekarun 1980 hukuma ke karɓar zakka a Sudan, kuma noman Gadarif na damina ne, wanda ushiri ke kansa: buhu ɗaya cikin goma.

Wani malami zai ce zakka ta mutane takwas ce da Suratut Tauba ta ambata, ba a gina ɗaki da ita. Gaskiya ne a mazhabar Maliku. Sai dai matar da ke gudun hijira matalauciya ce, sau da yawa kuma matafiyar da guzuri ya yanke wa. Ana iya damƙa mata kuɗin a hannu ta biya mai reno. Ana iya ɗaukar zawarawa da tsofaffin unguwa, waɗanda su ma masu cin zakka ne, a koya musu tsafta da kula da lafiyar yara, baitulmalin jiha ya biya su albashi. Rumfa da randa da tabarmi kuwa aikin waƙafi ne, kuma manyan manoman riɗi ba za su gaza ba. Matasan da suka riƙe tukwanen ciyar da jama'a a unguwanni cikin yaƙin nan sun nuna cewa akwai masu iya tsarawa.

Irin wannan gida ba ya ƙwace ɗa daga uwarsa. Yana kusa da kasuwa, ta leƙo ta shayar ta koma, yayar kuma ta kwance majanyi ta ɗauki allo ko littafi.

Kira ga Hukumar Zakka da gwamnatin jihar Gadarif shi ne su ware wa reno kaso sananne daga ushirin kowace kaka. Limamai da sarakunan Hausawa na unguwanni kuma su fara ƙidaya 'yan matan da goyo ya hana zuwa makaranta, su kai sunayensu gaban hukuma kafin a sake yankan riɗi.