Ƙulli Guda a Harshe

Kusan kowace unguwa a Batsari ko Safana tana da mai in'inarta. Mun san shi. Zai tsaya gaban mai awo a kasuwa, harafin farko ya maƙale masa, kafin ya fito da shi wani ya ƙarasa masa zancen, sau da yawa ma ba abin da yake nufi ba. In ya ɓata rai mu ce dama masu in'ina zuciya gare su.

Abin da muka fi ba shi kuwa alkawarin warkewa ne. Yana yaro an kai shi wanzami ya duba ƙasan harshensa. Ya girma, ga mai magani a mota da lasifika yana rantsuwa kwana bakwai ya isa. Shin tausayi ne mu ɗora wa mutum burin da ba zai kai ba, ko zalunci ne?

Masu nazarin magana sun ce yawancin yara tana barinsu da kanta. Amma wanda ya girma da ita, kimanin mutum 1 cikin 100, galibi maza, da wuya ta sake shi gaba ɗaya. Abin da horo ke kawowa daban ne: shiga kalma a hankali ba tare da danne numfashi ba, rage runtse ido da murɗa wuya, da daina gudun kalma. Wannan na ƙarshen ya fi ciwo. Akwai mai son gero da zai ce dawa don ta fi sauƙin fita, ya koma gida da abin da bai zo saye ba. Sarkin Ingila George na Shida ya yi shekaru yana horo wajen Lionel Logue, in'inar ba ta tafi ba, amma a 1939 ya sanar da yaƙi ta rediyo, aka kuma fahimce shi.

Mu da muke karanta Suratu Ɗaha bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Ibn Kasir ya lura cewa Annabi Musa (AS) bai roƙi a cire masa nauyin harshe duka ba, gwargwadon yadda za a gane maganarsa kawai ya nema, ya kuma roƙi a haɗa shi da Haruna. Daga baya Fir'auna ya yi masa gori da harshen nan, kamar yadda ya zo a Suratuz Zukhruf. To, in an gane zancen mutum amma muka tsaya muna auna santsinsa, sahun wa muka bi?

Ƙwararrun gyaran magana ba su da yawa, su ma suna manyan birane. Mutumin ƙauyen bakin dajin Rugu ba ya bukatar ya zama maroƙi. Yana bukatar ya faɗi sunansa a asibiti, ya yi ciniki, ya je zance da bakinsa. Ranar da ya hango babura sun ɓullo kuma, ya ɗauki waya ya kira, na can ɓangaren ya haƙura da daƙiƙa biyar bai katse ba.