Kunne Ya Ji, Wa Za Mu Tuhuma?

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. To, yaya za mu yi da abin da ba a ganin sa, jin ma sai ɗaiɗaikun mutane?

A garin Taos na Amurka, wasu mazauna sun daɗe suna kukan wani gunji mai zurfi, tamkar na injin dizal da aka bari a kunne can nesa, wanda kan tsananta cikin ɗaki idan dare ya tsala. A 1993 aka tura masana da na'urori, suka yi ta aune-aune, ba su gano mafarinsa ba. Mutanen Biristol a Ingila ma sun yi irin wannan kuka tun shekarun 1970.

Daga nan sai wasu suka ɗora wa rana alhakin. Ba su rasa madafa ba, domin ayyukan rana kan hau su sauka cikin kimanin shekara 11, kuma guguwar da takan turo tana taɓa duniya. A watan Maris na 1989 irin wannan guguwa ta jefa lardin Kebek na Kanada cikin duhu har awa tara. Takan kuma cusa lantarki cikin manyan wayoyi, har taransifoma ta ƙara ƙugi. Sai dai sauti ba ya ratsa sararin da babu iska, kuma guguwar kwana ɗaya ce ko biyu, alhali masu jin gunjin dare bayan dare suke fama.

A nan muke ganin tambaya biyu ce aka cuɗe. Mutumin da ya ce yana ji, mai shaida ne a kan kunnensa, kuma ba mu da hurumin ƙaryata shi don kawai namu kunnen bai ji ba. Wanda ya kwana bai runtsa ba, gari ya waye iyalinsa suna yi masa kallon mai taɓin hankali, an zalunce shi sau biyu. Amma da zarar ya ce daga rana abin yake, ya tashi daga shaida ya koma hasashe, kuma dole a nemi hujjarsa kamar ta kowa. Tausayi ba ya ɗauke wannan.

Muna ma zargin cewa tuhumar rana tana da daɗi ne saboda ba wanda zai kai ta kotu. Mutanen Windsor a Kanada sun fara kukan nasu gunjin a 2011. Bincike ya nuna tsibirin Zug, a tsallaken kogi ta ɓangaren Amurka, inda ake narka ƙarfe a lokacin. Da a ce sun sallama cewa daga sama ne, da ba wanda zai waiwayi maƙwabci. A 2020 aka dakatar da manyan tandunan tsibirin, gunjin kuwa ya ɗauke.