Hasken da Aka Zubar: Tattali ne ko Almubazzaranci?

A watan Afrilu, rana kan take a Achida tun da hantsi. Faifan sola da ke kan rufin shaguna kan cika batir kafin azahar, ragowar hasken kuma ya tafi a banza, alhali maƙwabci na zaune cikin zafi yana jiran wutar da ke tahowa ta Birnin Kebbi. Ranar da aka bai wa masu sola damar zuba rararsu a babban layi, wata tambaya za ta taso: idan waya da taransifoma suka gaza ɗaukar wutar, a faɗaɗa su, ko a umarci mai sola ya rage?

Jamus ta riga mu fuskantar wannan. Tun 2016 dokarta ta yarda kamfanonin layi su tsara aikinsu bisa zubar da abin da bai wuce kashi 3 cikin 100 na wutar rana da iska a shekara ba, tare da biyan diyya. Hujjar tana da ƙarfi. Wutar kan kai ƙololuwa ne cikin 'yan sa'o'i kawai, kuma ba a gina rumbu daidai da amfanin da sai shekarar yalwa ake samu. Kuɗin waya daga aljihun talaka zai fito.

Sai dai zubarwa iri biyu ce. Idan madatsar Goronyo ta cika da damina aka buɗe ƙofofinta, lalura ce. Idan kuwa ruwa ya salwanta saboda an ƙi gyara magudana, manomin shinkafa a Wurno na kallon gonarsa tana bushewa, sakaci ne. Nijeriya na da tashoshin da ƙarfinsu ya kai megawat 13,000, amma da wuya abin da ke isa ga jama'a ya wuce 5,000. A ƙasa irin wannan, “a jinkirta” kan rikiɗe ya zama “a manta”.

Don haka ina ganin rage wutar ba zai zama adalci ba sai da sharuɗɗa uku: a ƙayyade adadinsa, a biya mai faifai asararsa, a kuma bayyana ranar da za a faɗaɗa layin. In babu su, an ɗora wa wanda ya sayar da albasarsa ya sayi sola nauyin da ke wuyan hukuma. Haƙuri halin kirki ne, amma wanda ya nemi a yi masa shi, wajibi ne ya faɗi ranar biya.